Filin Sana'a: Gyaran Bakin Tukunyar Gashin Nama

Kukan da masu sana'ar gashin nama suke yi a Jimeta da cikin garin Yola a 'yan shekarun nan bai wuce guda biyu ba, watau tsadar dabba da tsadar gawayi. Maganar dabba tana hannun 'yan tike na Ngurore da Mubi, mai gashi ba shi da ta cewa a cikinta. Amma maganar gawayi akwai wani kaso nata a hannunsa, ko da yake ba kowa ne ya lura da haka ba. Gaskiya ne tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin dako ya hau, gas ɗin girki ya gagari talaka, gidaje da dama suka koma ga gawayi, buhu ya yi tashin gwauron zabo. To, sai dai kuma wani gawayin ba a kasuwa ake asararsa ba, a bakin tukunya yake tafiya, ta 'yar kafar da take tsakanin murfi da gangar jikin abin gashi, wadda sau da yawa kaurinta bai kai na tsinken tsire ba.

Dalili kuwa shi ne, wutar da aka rufe ba ta da abinci sai iska. Wanda ya mallaki ƙofar iska shi ya mallaki wuta: in ya buɗe ta ruru, in ya rage ta lafa, in ya toshe ta mutu ta bar masa sauran gawayinsa na gobe. To, idan baki ya yi ɓaraka, iska ta sami hanyar da ba da izinin mai gashi ba, sai wuta ta riƙa cin gaban kanta. Nama ya ƙone a gefe guda, ɗaya gefen yana ɗanye, ruwan jikinsa ya bi hayaƙi ya tafi, a sauke shi ya bushe kamar ƙirgi. Da dare kuma a rufe ƙofofi a tafi gida ana zaton wuta ta mutu, da safe a tarar da toka zalla. Hausawa dai sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gashi a cikin yumɓu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tanderun da matan Kano suke manna gurasa a cikinsa tukunya ce ta ƙasa, haka nan kuma ginannen tanderun laka ko na jan bulo mai ƙofar ƙarfe, wanda ake saka rago sukutum ko naman da aka naɗe a takarda, sananne ne a wurin mahauta. Abin da ya zo daga baya shi ne wata irin tukunyar tangaran mai murfi kamar ƙwai, wadda ake kawowa daga ƙasashen waje, ake kuma ganinta jefi-jefi a gidajen masu hali da wuraren sayar da abinci na manyan birane. Asalinta daga Japan ne, inda ake kiran murhu kamado, kuma da can shinkafa suke turarawa a cikin irinta. Sojojin Amurka da suka zauna can bayan Yaƙin Duniya na Biyu su suka riƙa komawa gida da ita, har wani mutum mai suna Ed Fisher ya buɗe kanti a birnin Atlanta a 1974, wanda ya zama kamfanin Big Green Egg. Babbarta takan haura kilo 70 a nauyi. Tana iya riƙe sanyayyar wuta ta awo 110 zuwa 120 a ma'aunin zafi tun daga hantsi har dare da zubin gawayi ɗaya, in kuma aka sake mata iska ta doshi awo 400. Duk wannan bajinta a kan wani ɗan siririn ƙyalle ta dogara, wanda aka manna a leɓen tukunyar da leɓen murfin. Makanikai gaskit suke ce da irinsa a injin mota, amma a nan ɗamarar baki ta fi dacewa da shi.

Ɗamarar nan aiki biyu take yi. Tana toshe iska, sa'an nan tana zama matashi tsakanin tangaran da tangaran, don kada murfi mai nauyi ya faɗo ya ɓantare leɓe. Ta farko da ake sayar da tukunya da ita galibi ta matsattsen gashi ce, mai kama da bargo, ba ta jimirin babbar wuta. Akwai wadda ta fi ta ƙwari, ta zaren Nomex, wanda kamfanin DuPont ya fito da shi a shekarun 1960, irin wanda ake ɗinka wa 'yan kwana-kwana riguna da shi. Akwai kuma ta zaren gilashi da aka lulluɓe da ragar waya. Kowace iri ce dai tana da ajali. Kitse yana jiƙa ta, wuta tana lasar gefenta, murfi yana danne ta, har ta yi baƙi ta daskare ta koma kamar fatar ganga. Mai gashi kullum zai iya canza ta duk shekara, mai yi daga Salla sai Salla kuwa ta kai shi shekaru.

Gane lalacewarta ba wuya. In aka rufe murfi hayaƙi yana tsartuwa ta gefe maimakon ya fita ta ƙofar sama, magana ta ƙare. Wanda yake son tabbatarwa kuma sai ya bari tukunya ta huce, ya sami 'yar takarda mai faɗin kuɗi, ya sa rabinta a baki ya rufe murfi, sa'an nan ya ja. In ta yi gardama wurin yana da kyau, in ta zare salin alin akwai kafa. A zagaya da ita wuri huɗu ko shida. Amma fa a lura, idan gaba ne kaɗai ya saki baya kuwa ya kama, ko kuwa akasin haka, to wataƙila ba laifin ɗamara ba ne, murfin ne ya goce daga mazauninsa, kuma maganin wannan a wurin kusoshin ƙarfen da ya ɗaure shi yake. Mutum ya sayi sabuwar ɗamara a kan wannan ciwo, ya yi asarar kuɗinsa.

Wajen sayen sabuwa, a auna faɗin bakin tukunya, a ninka sau uku da ɗan ƙari, shi ne tsawon zagaye ɗaya. A sake ninkawa biyu saboda murfi. Babbar tukunya takan ci fiye da mita 3. A auna faɗin leɓen kuma, don ɗamarar da ta fi leɓe faɗi za ta leƙa cikin wuta ta ƙone tun ran farko.

Aikin kansa kashi tara cikin goma kankara ce da wanki, kuma nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Sai tukunya ta kwana ba wuta. A fitar da raga da kaskon gawayi, a shimfiɗa tsumma a ciki don tarar datti. A sa wuƙar fenti ko wata dakusasshiyar wuƙa a kwance, a bi tsohuwar ɗamarar a hankali ana ɗaga ta, ba a sara ba, gama tangaran in ya ɓantare ba ya komawa. Bayan ta fita za a ga tsohon danƙo da daskararren kitse sun yi kanta a leɓe. Wannan sai an jiƙa shi da asiton, watau ruwan nan da mata suke goge jan farce da shi, ko kuwa sifirit na kemis, a bar shi ya yi laushi, a kankare, a goge, a sake, har sai yatsa ya bi leɓen ya ji shi garau ba santsi. Kada a kuskura a kawo fetur ko kananzir kusa, ko da yake su ne a hannu. Cikin tukunyar ba shi da shafe, yana shan abu kamar sabon tulu, in ya sha kananzir kuwa nama zai yi ta ba da labari har wata da watanni.

Yanayin Yola ma yana da nasa sharaɗi. A lokacin hunturu ƙura takan sauka a kan leɓen da aka wanke kafin mutum ya juya, danƙo kuwa ba ya kama ƙura, don haka a ja tukunya cikin rumfa a yi aikin. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi yake haura awo 40, asiton yana bushewa kafin ya yi aiki, gara a yi da sassafe. Da damina kuwa, musamman a unguwannin da suke kusa da Binuwai inda raɓa take da yawa, sai an ƙara wa leɓen lokaci ya bushe sarai.

Sa'an nan a zo ga mannawa. Yawancin ɗamarar yanzu da danƙonta take zuwa, an rufe shi da takarda. A fara daga baya wajen maɗaurin murfi, a riƙa ɓare takardar kaɗan kaɗan, kamar tsawon yatsa, ana dannawa da babban yatsa ana bin gefen waje na leɓen. Babban kuskure shi ne ja. Wanda ya ja ɗamara don ta yi masa lanƙwasa da sauri, in ta ji wuta za ta koma tsawonta na asali ta bar masa giɓi a mahaɗa. In an zagayo, a yanke da almakashi yadda baki zai haɗu da baki, kada ɗaya ya hau kan ɗaya. A yi wa murfi haka nan, amma a gusar da tasa mahaɗar kada ta faɗa daidai kan ta ƙasa. Daga nan a rufe, a bar nauyin murfi ya yi sauran aikin har awa 24. Wutar farko da ta biyu a yi su sanyaya, ba a kai tukunya ga ƙarshen ƙarfinta ba sai danƙo ya zauna. Saboda haka mai niyyar gasa naman layya, kada ya bari sai jajibere.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba a ja kunne a kansu, domin ɗamarar asali ba a kowane kanti ake samunta ba, kuma ɗan Nijeriya ba ya rasa dabara. Na farko tsohon tiyub ko yankin taya. Yana toshe iska ƙwarai, amma da ya ji zafi sai ya narke ya riƙa fitar da hayaƙi mai guba a kan abin da mutane za su ci, irin hayaƙin da ya sa likitoci suke hana babbakar kai da ƙafa da taya a mayanka. Na biyu ya fi wannan sharri domin ba shi da wari, watau igiyar asbestos, wadda ake cirowa daga tsofaffin injuna da tukwanen masana'antu. Wuta ba ta cinta, shi ya sa take ruɗin mutane. Amma in ta tsufa tana sakin ƙura mai laushi wadda ke maƙalewa a huhu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane irin asbestos yana jawo ciwon daji. Cutar ba ta bayyana sai bayan shekara 20 ko 30, lokacin da ba mai tuna igiyar. Ingila ta haramta shi ɗungurungum a 1999. Yaron da yake tsaye a bakin tanderu yana buɗewa yana rufewa tun safe har dare, shi ne zai shaƙa, ba maigidan da ya sayo ba.

Mai tanderun laka ko na bulo, wanda shi ne mafi yawa a Jimeta, ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma a nan ya fi mai tukunyar waje sa'a. Ɗamararsa tana ƙarƙashin ƙafarsa. Yumɓu ko ƙasar suri, a kwaɓa da toka da ɗan ƙaiƙayi don kada ya tsage, a kankare tsohon liƙi har a kai ga jiki mai ƙwari, a yayyafa ruwa, a shafa sabo, a danna ƙofar a kai tun yana ɗanye don ya ɗauki siffarta, a bar shi ya sha iska a inuwa kafin a nuna masa wuta. In gashin dare ɗaya ne, ƙullun fulawa ma ya isa a zagaye bakin murfi da shi, yadda masu dafa shinkafa da nama a Indiya suke yi tun zamanin sarakunansu. Jiƙaƙƙen buhun algarara da aka saba rufawa a kai shi ma ba laifi, illa dai buhunan yanzu yawancinsu na roba ne, kuma hukuncinsu ɗaya da na taya. Aibin liƙin laka guda ne, ba ya daɗewa, sai an riƙa sabunta shi. Amma wanda ya kwatanta rabin awar da zai ɓatar da kuɗin buhun gawayi, ya san inda riba take.

Ribar kuma ba ta tsaya a aljihun mai gashi ba. Kafin a sami kilo ɗaya na gawayi ta hanyar binne itace da ƙasa, yadda ake yi a dazuzzukanmu, sai an ƙone itace kilo biyar zuwa goma. Adamawa tana cikin jihohi 11 da aka sa a shirin nan na kafa katangar itatuwa don tare hamada, wanda aka kafa wa hukuma ta tarayya a 2015. Ana dasa itace a gefe guda, ana sauke shi a buhu a ɗaya gefen.

Abin mamaki shi ne jihar da take da maginan tukwane irin na Ga'anda da Lunguda da Yungur, waɗanda aikinsu ya kai gidajen tarihi na ƙasashen waje, a ce tukunyar gashi mai murfi sai an yo odarta daga bayan teku. Abin da ya raba tanderun gida da ta waje ba wani sirri ba ne: leɓe ne shafaffe wanda murfi zai zauna a kai daram, da ƙofar iska a ƙasa, da wata a sama. Maginiyar da take iya daidaita bakin randa ba za ta kasa wannan ba, in an nuna mata abin da ake so, aka kuma biya ta kuɗin aikinta. Nan ne ƙungiyar mahauta da Sarkin Fawa za su iya sa baki, su sa a gina biyu ko uku a gwada a bakin kasuwa, a auna gawayin da kowace ta ci a mako a gaban kowa.