Macpherson da Campbell: Wa Ya Riƙe Amanar Tatsuniya?

Wannan makon zan kai ku tsaunukan arewacin Sikotlan, wajen masu magana da Gelik, ɗaya daga cikin harsunan Kelt, dangin harsunan Ayalan da Wales. Mutum biyu ne suka fito da labaran bakansu zuwa takarda, kuma hanyarsu ta sha bamban.

Na farko James Macpherson. Daga 1760 ya fara buga wasu waƙoƙi da Turanci, ya ce fassara ce ta waƙoƙin wani makahon mawaƙi na zamanin da mai suna Ossian. Turai ta ɗauka. Aka fassara su zuwa harsuna da dama, Napoleon ya ƙaunace su, Goethe ya sa wani yanki a littafinsa. Sai Samuel Johnson ya yi tambayar da ta dace: ina rubutun asalin? Macpherson bai taɓa kawo abin da ya gamsar ba. Bayan mutuwarsa a 1796, kwamitin da ya binciki lamarin ya fitar da rahoto a 1805. Lallai akwai tsofaffin waƙoƙi a bakin mutane, kuma ya yi amfani da su, amma ya ƙara, ya rage, ya cike giɓi da nasa.

Ni ba ƙarin gishirin ne ya dame ni ba. Marubuci yana da 'yancin ya ɗauki Gizo da Ƙoƙi ya juya su yadda ya so. Laifin Macpherson shi ne ya saka rigarsa ya ce ta kakansa ce. Kuma ɓarnar ba a kansa ta tsaya ba: shekaru da yawa duk wanda ya kawo waƙar Gelik ta gaskiya sai an dube shi da zargi. Ɓera ɗaya ya ja wa dangi.

Shekara ɗari bayan haka sai ga John Francis Campbell, ɗan tsibirin Islay, wanda ya iya Gelik tun yana yaro. Ya buga Popular Tales of the West Highlands, juzu'i 4, tsakanin 1860 da 1862. Ya sa masu jin harshen, irin su malamin makaranta Hector MacLean, suka bi ƙauyuka suna rubuta labari yadda ya fito daga baki. Ya buga Gelik ɗin tare da fassara, ya faɗi sunan mai ba da labarin da garinsu, wani lokaci har sana'arsa. Idan labari ɗaya ya zo ta baki uku, sai ya kawo bambancin. Gaskiya karatunsa ba ya gudu kamar na Macpherson, wani wurin ma yana gajiyarwa. Amma yau masu nazari wajen Campbell suke zuwa neman abin da mutane suka faɗa, Macpherson kuwa ana karanta shi ne don sanin Macpherson.

Mu ma muna da irin wannan gado. Littafin R. S. Rattray na 1913 ya fito da rubutun ajamin Malam Shaihu kusa da fassarar, don haka mai shakka zai iya dubawa da idonsa.

Abin da ya sa na kawo wannan zance: ina yawan ganin ana liƙa labari da taken "tatsuniyar kakanninmu", alhali daga jimla ta uku za ka ji hannun marubucin, da soyayyar zamani da wa'azin da ya ɗora a ƙarshe. Idan naka ne, sa sunanka, ba abin kunya ba ne. Idan kuwa daga bakin Iya ka ji, ɗauki muryarta a waya da izininta, rubuta Sakkwatancinta ko Katsinancinta yadda yake, kada ka mayar da shi Kananci, sannan ka sa sunanta da garinsu da ranar da ta ba ka labarin.