Sabo Turken Wawa: Daga Zakin Kano Zuwa Kurar Kasuwa

A daren Asabar 19 ga watan Oktoba na 2019, wani zaki ya kuɓuce wa masu kula da shi a gidan namun daji na Audu Bako da ke cikin birnin Kano. An dawo da shi ne daga wani bikin baje kolin amfanin gona a jihar Nasarawa, ana cikin ƙoƙarin mayar da shi kejinsa sai ya sulale ya shige duhuwar gidan. Aka rufe gidan, aka girke jami'an tsaro, aka gargaɗi mazauna unguwannin kewaye da su yi hattara. Sai ranar Litinin aka samu ya koma keji, bayan ya yi kalaci da awakin gidan. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, kuma zakin bai ƙetare katangar gidan ba.

Ɗan kasuwa a Birnin Ƙonni, ko ma'aikaci a Malbaza ko Illela, yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda babu gidan zu a waɗannan gundumomi. Amma ruwansa da tsaki a cikin zancen ta fuska biyu. Ta farko, ƴaƴansa ne ake kaiwa kallon zaki a Yamai ko Kano lokacin hutun salla. Ta biyu, wadda ta fi kusa, naman daji kan zo masa har bakin rumfa, ɗaure da sarƙa a hannun gardi, ba keji ba katanga. Duka biyun tambaya ɗaya suke ɗauke da ita: mene ne ke tsakanin haƙorin dabba da ɗan kallo, kuma wa aka ɗora wa alhakin duba shi?

Wanda ya bi labaran irin waɗannan haɗurra zai tarar suna kama da juna ƙwarai. A watan Disamba na 2015 wani zaki ya fice daga kejinsa a gandun namun daji na Jos lokacin da ake ba shi abinci, daga ƙarshe jami'an tsaro suka harbe shi. A watan Fabrairu na 2024, a gidan namun daji na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, zaki ya kashe ma'aikacin da ya yi renonsa tun yana jariri, shekara 9 ke nan, nan ma lokacin ciyarwa. A watan Satumba na wannan shekarar, a gidan namun daji na cibiyar Olusegun Obasanjo da ke Abeokuta, wani ma'aikaci ya kai baƙi su ga yadda ake ciyar da zaki bayan an tashi aiki, ya bar ƙofar tsaro a buɗe, ya rasa ransa. In an haɗa da na Kano, sau huɗu ke nan, kuma babu inda zaki ya karya ƙarfe da ƙarfinsa. Kowane lokaci ƙofa ce da ke hannun ɗan Adam, a sa'ar ciyarwa ko sa'ar sauya keji. Waɗanda abin ya rutsa da su kuma ba baƙin aiki ba ne, mutane ne da suka san dabbar, dabbar ta san su. Masu iya magana sun gama zance da suka ce sabo turken wawa.

Saboda haka ne gidajen namun daji da suka san abin da suke yi ba su dogara da jarumtar ma'aikaci ko ƙwarewarsa. Ƙa'ida suke dogara da ita, kuma ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa. Kejin dabba mai haɗari yakan zama ɗaki biyu da ƙofar zamiya a tsakani, wadda ake ja daga waje. In za a share ɗaya ko a ajiye nama, sai an kora dabbar cikin ɗayan an datse, ta yadda mutum da zaki ba za su taɓa haɗuwa cikin fili ɗaya ba. Hanyar shiga kuma ƙofa biyu ce a jere, ba a buɗe ta biyu sai an rufe ta farko. Mutum biyu ke aikin, ɗaya ya kulle, ɗaya ya jijjiga kwado ya tabbatar. Tsakanin keji da ƴan kallo akwai shinge na biyu, don kada yaro ya zura hannu. Tsawon katanga da faɗin rami duk a aune suke, kuma kuskuren awo yana cin rai. A birnin San Faransisko na Amurka, ranar 25 ga Disamba 2007, wata babbar damisar Saiberiya ta haure katangarta ta kashe wani saurayi ɗan shekara 17. Da aka auna katangar sai aka ga ba ta kai mita 4 ba, alhali mita 5 aka shawarta. Shekara da shekaru katangar na tsaye, kowa na wucewa, ba wanda ya ɗauko ma'auni.

In kuma ƙaddara ta faɗa, dabba ta fita, abin da ke ceton mutane shi ne kowa ya san aikinsa tun kafin ranar. Wani ya buga ƙararrawa, wani ya datse ƙofofin waje don kada dabbar ta shiga gari, wasu su tattara ƴan kallo cikin gine-gine mafi kusa su rufe, ba tare da ihun da zai haddasa turmutsitsi ba. Likitan dabbobi ya fito da bindigar allurar barci, maharbi ya tsaya kusa da shi da bindigar gaske. Jama'a da yawa na zaton allurar barci na kada dabba nan take. Ba haka ba ne. Takan ɗauki mintoci kafin ta ci jiki, kuma dabbar da ta firgita takan ƙara hasala in allura ta soke ta. Dalilin ke nan da ya sa a birnin Sinsinati na Amurka, a watan Mayu na 2016, da yaro ɗan shekara 3 ya faɗa ramin goggon biri, masu gidan suka zaɓi harbe birin. A Japan kuwa, gidajen namun daji na Tokyo sukan yi atisaye: ma'aikaci ya sa rigar dabba ya yi kamar ya tsere, sauran su bi shi da raga da bindigar allura, ƴan kallo na dariya. Dariyar ba ta rage komai ba, domin ran da abin gaske ya zo, ba a tsayawa tambayar wa ke riƙe da makulli.

Duk wannan tsari kuɗi yake ci, kuma a nan ne zancen ya zama na hukuma. Kwado, walda, allurar barci da ke lalacewa in ta daɗe, naman ciyarwa na kullum, albashin ma'aikaci, horo, duk sai an fitar da kuɗi, kuma ba ɗaya cikinsu da ake yanke ƙyalle a buɗe shi da kiɗa. Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin cewa in aljihun hukuma ya yi zafi, kason gyara da kula da kaya ne ake fara yankewa. Wata huɗu kafin zakin Kano ya fita, a watan Yuni na 2019, kuɗin shiga da wannan gida ya tara lokacin bikin salla, kusan naira miliyan 7, sun yi ɓatan dabo, har labari ya bazu duniya wai goggon biri ne ya haɗiye su. Gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan, ya ba da umurnin bincike. An yi ta raha da labarin daga Kano har Ƙonni. Sai dai kuɗin da talaka ya biya a bakin ƙofa amana ce, kuma haƙƙinsa na farko a cikinta shi ne ya shiga da ɗansa ya fito da shi lafiya.

Wannan darasi ya hau kan Yamai kai tsaye. Gidan adana kayan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, yana da sashen namun daji, har da zakuna da kuraye da dorina, kuma yana tsakiyar birni, kewaye da ofisoshi da hanyoyin da ba su rabuwa da jama'a. Ran salla yara kan cika shi maƙil. Gida ne da ƙasar nan ke alfahari da shi, kuma hanyar girmama shi ita ce ma'aikatar da ke kula da shi ta riƙa bayyana wa jama'a, shekara-shekara, yaushe aka duba kejin, yaushe aka yi atisaye, nawa aka kashe wajen gyara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma haɗarin da ya fi kusa da mutanen jahar Tawa yana cikin kasuwa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san gardawa, masu yawo da kura da bika da mesa, suna kiɗa, suna kirari, suna sayar da magani. Sana'a ce ta gado, kuma ba ta san iyakar ƙasa ba, ta kasuwa zuwa kasuwa ce. Sai mai karatu ya ɗauki ƙa'idodin da aka lissafa a sama ya auna da da'irar gardi a ranar Laraba ta kasuwar Ƙonni, ko a Galmi lokacin cin kasuwar albasa, ko a Badagishiri. Babu ɗaki biyu, babu ƙofa, babu shinge. Abin da ke tsakanin kura da jama'a abu uku ne kacal: takunkumin igiya, sarƙa, da damtsen mutum ɗaya wanda rana ta doka tun safe. Kura kuwa dabba ce mai muƙamuƙin da ke farfasa ƙashin saniya. Sahun gaba na ƴan kallo kullum yara ne, kuma har yanzu akwai iyayen da ke biyan kuɗi a ɗora musu yaro bisa bayan kura, wai don ya yi saurin tafiya.

Ko da kurar ba ta ciji kowa ba, kuɓucewarta kaɗai ta isa masifa. Kasuwa cike take da tsofaffi, da mata masu goyo, da tukwanen mai bisa wuta, da ƴan kabu-kabu. Gudun ceton rai na minti biyu a irin wannan wuri na iya karya mutane da dukiya fiye da abin da dabbar za ta yi. In kuma cizo ya auku, daga kura ko daga bika, akwai barazanar ciwon haukan kare, wanda in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi. Abin yi shi ne a wanke raunin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibitin Ƙonni ko na Galmi ko mafi kusa don allura a ranar, kada a tsaya shafa garin magani.

Wasu za su ce a hana sana'ar baki ɗaya. Wannan magana ce mai daɗin faɗi a ofis, amma hani ba zai kashe ta ba, ƙauyuka zai kora ta, inda babu jandarma babu likita. Wasu kuma za su ce gardi na da asirinsa, kura ba ta iya masa komai. Ko da an sallama musu wannan, layar tana wuyan gardi ne, ba ta wuyan yaron da ke tsugune a sahun gaba. Gardawan da kansu sun fi kowa sanin haka, shi ya sa ba su rabuwa da takunkumi da kulki. Abin da ya rage shi ne tsari.

Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, kuma ma'aikatan gandun daji ke tsaron ta. Manufarta kare dabba daga ɗan Adam. Kare ɗan kallo daga dabba kuwa aikin masu riƙe da tsaron jama'a ne, wato parfe da ofishin magajin gari, zaɓaɓɓe ne ke zaune a ciki ko naɗaɗɗe. Hukumar da ke iya aika mai karɓar kuɗin kasuwa har gaban mai tallar ƙosai ba ta da hujjar cewa ba ta ga mai kura ba. In aka karɓi kuɗin wuri daga hannun gardi aka juya baya, an maimaita karin maganar nan ke nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a wannan karo talaka ne ke shan bugun.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowane gari ba. Duk mai wasa da naman daji ya fara bayyana kansa ga ma'aikatan gandun daji da ofishin magajin gari kafin ya buga ganga. A ware masa fili a wajen kasuwa, nesa da rumfuna da makarantu. A kafa turke mai ƙarfi a ɗaure sarƙar, kada ta tsaya a hannu kaɗai. A ja igiya da'ira biyu, da tazarar da ta fi tsawon sarƙar. Ma'aikacin gandun daji ya duba takunkumi da idonsa, ya tsaya har a tashi. A hana ɗora yaro bisa dabba ko miƙa mata hannu, komai kuɗin da uba ya biya. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƴan kasuwa su sa baki, domin rumfunansu ne za a tattake. Haka nan shugabannin makarantu da ke kai ɗalibai yawon buɗe ido Yamai su ƙayyade yara nawa ke hannun kowane malami, su kuma tambayi masu gidan inda ake fakewa in wani abu ya faru.

Al'adar hukumomin ƙasashen nan ita ce jiran gawa kafin a kafa kwamiti, a yi ta'aziyya, a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma addini bai hana ɗaure raƙumi kafin tawakkali ba. Igiya da turke da takardar izini ba su kai kuɗin man motar zagayen parfe na yini ɗaya ba. Parfe-parfen Ƙonni da Malbaza da Illela na iya zama da sarakunan gargajiya da ma'aikatan gandun daji su fitar da wannan tsari kafin kasuwar kaka mai zuwa, lokacin da kuɗi ke hannun manoma, masu wasa kuma ke fitowa nema. Allah ya kiyaye, ya kuma ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu.