Kallon hasken arewacin duniya: a tantance jagora kafin a kwance bakin jaka

Ranar Laraba 29 ga watan Maris na shekarar 2006, da hantsi, rana ta yi husufi cikakke a bisa garuruwan Maraɗi da Agye da Gazawa, duhu ya rufe gonaki har na ƴan mintoci. A wannan rana Turawa da dama sun biya kuɗi masu yawa, suka bi jagorori zuwa hamadar Tenere da ƙasar Libiya, domin su ga abin da manomin Agye ya gani daga ƙofar gidansa ba tare da ya kashe ko dala ba. Yau kuma tafiyar ta juya: cikin ƴan kasuwar jihar Maraɗi, da ƴaƴan Gidan Rumji da Gazawa masu karatu ko aiki a Turai, akwai masu sha'awar zuwa kallon wani abin al'ajabi na sama wanda ba ya zuwa ƙasar Hausa, wato hasken arewacin duniya, wanda Faransawa ke kira oror boreyal.

Asalin wannan haske daga rana yake. Rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya ya karkata su zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, inda suke karo da iskar sama a tsayin kilomita 100 zuwa 300. Daga wannan karo ne haske ke fitowa, galibi kore, wani lokaci ja a can bisa. Ƙarfin rana yana hawa yana sauka cikin zagaye na kimanin shekara 11, kuma a watan Oktoba na 2024 hukumar NASA ta Amurka ta bayyana cewa zagayen ya kai ƙololuwarsa. A daren 10 ga Mayu na wannan shekara an ga hasken har a ƙasar Meziko. Amma Maraɗi tana wajen daraja 13 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka mai son gani sai ya yi tattaki zuwa Turomso a Norwe, ko Abisko a Suwidin, ko Robaniyemi a Finlan, ko kuwa tsibirin Aislan.

Abu na farko da ya kamata mai niyya ya riƙe shi ne, babu mahaluƙin da ke da iko a kan wannan haske. Ana bukatar abubuwa uku su haɗu: duhu, da sararin sama marar gajimare, da motsin rana. Lokacinsa daga ƙarshen Satumba ne zuwa ƙarshen Maris. Da bazarar Turai dare ba ya yin duhu a waɗannan wurare. Don haka duk kamfanin da ya rantse cewa lalle sai an gani a dare ɗaya, to ya sayar da abin da ba nasa ba. Jagoran kirki yakan faɗi gaskiya tun farko, ya ba da shawarar a kwana uku ko huɗu, ya kuma rubuta a takarda abin da za a yi idan dare ya wuce ba a ga komai ba: ko a mayar da wani kaso na kuɗi, ko a sake fita kyauta.

Na biyu, a tambayi yadda fitar take. Akwai masu kai baƙi wuri guda su zaunar da su, in gajimare ya rufe shi ke nan. Akwai kuma masu bin sawun sarari da mota, waɗanda daga Turomso sukan yi tafiyar awoyi har iyakar Finlan idan can ne sama ta washe. Ƙaramar mota mai ɗaukar mutum goma sha wani abu ta fi tsada, amma ta fi babbar bas saurin sauya hanya, kuma jagora yana samun sukunin kula da kowa. Araha dai ba ta ado.

Na uku, sanyi. Wanda ya saba da hunturun Gazawa kada ya ɗauka ya san sanyi. A cikin ƙasar Laplan awon sanyi yakan sauka ƙasa da sifiri da daraja 20 ko fiye, mutum kuma zai tsaya a fili awoyi da dama. Wajibi ne a tabbatar ko kuɗin da aka biya ya haɗa da rigar sanyi ta musamman da takalma, a kuma tambayi irin abincin da za a bayar, domin a wasu wuraren tsiren alade ake gasawa a bakin wuta. A Turomso rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Masallacin Alnor da ke garin yana da jadawalin lokutan salla da baƙo zai iya bi.

Na huɗu, hoto. Idon kamera ya fi idon ɗan Adam tara haske, shi ya sa hotunan talla suke fin abin da ake gani ƙawa; sau da yawa ido farin hayaƙi-hayaƙi yake gani, kamera ta fito da kore shar. Ana bukatar abin kafa kamera mai ƙafa uku, a bar idonta buɗe na daƙiƙa 5 zuwa 15, a kuma riƙe batir na biyu cikin aljihu kusa da jiki, don sanyi yana shanye shi da wuri. A tambayi jagora ko yana ba da aron ƙafar, ko yana taimakawa wajen daidaita kamera, ko kuma hotunan da ya ɗauka da kansa sai an sake biya.

Na biyar, takardu. Norwe da Suwidin da Finlan da Aislan duk suna cikin yankin Shengen. Tun watan Yuni na 2024 kuɗin biza ya koma yuro 90, wato kimanin jika 59 na sefa, kuma ba a mayar da su idan an hana. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a Janairun 2024, lamarin da ya ƙara wa masu nema wahala. Ɗalibin da ke da takardar zama a wata ƙasar Shengen ba ya bukatar wata biza. Mai tasowa daga gida kuwa, kada ya miƙa kuɗin buhunan aya da wake na shekara guda ga dillalin da ba shi da ofis ko lasisi, kuma kada ya biya kuɗin yawon gaba ɗaya kafin biza ta fito.

Ga wanda tafiyar arewa ta yi wa nisa, masana taurari sun lissafa husufin rana cikakke ranar 2 ga Agusta 2027, wanda layinsa ya ratsa Luksor ta Masar da Jidda da Makka. Can ma ƙa'idar ɗaya ce: a nemi alkawari a rubuce, a san wanda aka bai wa kuɗi, sannan kada a kalli rana sai da tabarau na musamman, gama ido ba shi da na canji.