MANHAJAR TSARA BUKATUN AIKI: INA AMFANINTA, INA IYAKARTA?

Duk wanda ya taɓa riƙe fayil a ofis ya san cewa babban aiki daga takarda yake farawa. Kafin a ƙera jirgin sama ko a shimfiɗa layin dogo, sai masu aikin sun rubuta duk abin da suke bukata ɗaya bayan ɗaya, kuma sharuɗɗan nan sukan kai dubbai. Domin riƙe su ne aka ƙirƙiro wata irin manhajar kwamfuta. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice ita ce DOORS, wadda kamfanin QSS na Ingila ya fito da ita a farkon shekarun 1990. Kamfanin Telelogic na Suwidin ya saye QSS a 2000, sa'an nan IBM ya saye Telelogic a 2008.

Amfaninta a fili yake. Kowace bukata tana da lambarta, ana kuma ganin wanda ya sauya ta da ranar da ya yi haka. An ɗaure ta da zanen aikin da gwajin da zai tabbatar an cika ta, saboda haka in an taɓa guda, nan take a ga sauran da abin zai shafa. Ko an yi wa jami'i canjin wurin aiki, bayanin bai tafi da shi ba, ɗan kwangila kuma ba shi da damar musun abin da aka shirya.

To, amma fa akwai cikas. Kuɗin lasisi da na horad da ma'aikata suna da nauyi, kuma in bayanai suka taru, komawa wata manhaja sai an sha wuya. Babbar illar kuwa ita ce, na'ura ba ta rarrabe bukata mai ma'ana da marar kan gado. Yawan rubutu ma ba ya ceton aiki. Alal misali, hukumar FBI ta Amurka ta rubuta bukatu sama da shafi 800 domin shirinta na Virtual Case File, amma shugabannin aikin suna ta canzawa, bukatun suna ta sauyawa, har aka yi watsi da shi a 2005 bayan ya lashe kimanin dala miliyan 170.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Duk ma'aikatar da ke shirin sayen irin wannan manhaja, ya kamata ta fara zama da waɗanda za su yi amfani da aikin, ta kuma naɗa jami'i guda mai ikon amincewa da kowane sauyi ko ƙin sa. In ba haka ba, dukiyar jama'a ce za ta salwanta, na'ura kuwa tana ta ajiye lissafin ɓarnar daki-daki.