Garmaho Uku a Falo Ɗaya

A Maitama, unguwar jakadu da manyan attajiran Abuja, mai son faifai yana iya jera garmaho uku a falonsa, kowanne da hannunsa da allurarsa. Baƙi su ce almubazzaranci ne. Na biyun dai yana da hujja.

Tsohon faifai mai juyi 78 a minti, irin na zamanin kakanni, layinsa faffaɗa ne, allura mai kauri yake so. Na 33 da Columbia ta fitar a 1948, da na 45 da RCA Victor ta biyo da shi a 1949, siririya suke bukata. A ɗora siririyar kan tsohon, sai a ji kamar ana suyar ƙosai. Sauya allura kullum kuwa, wata rana sai ta karye.

Na ukun ne abin tambaya. Kuɗin garmaho ƙirar Technics SL-1200 guda zai ceto tulin fayafayan Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da zafi ke lanƙwasawa a ɗakunan ajiya na Kano da Funtuwa. Ga ƙurar hunturu, wadda ba ruwanta da tsadar allura: a Janairu, burushi da murfi sun fi sabon hannu amfani.