Sabo Turken Wawa: Abin da Giya ke Yi wa Ƙwaƙwalwa

Hausawa kan ce sabo turken wawa, kuma da wannan ido ake kallon mutumin da giya ta kama. Amma binciken kimiyya ya nuna cewa turken nan a cikin ƙwaƙwalwa yake kafe, don haka zagi da kyara kaɗai ba sa tuge shi.

Duk lokacin da barasa ta shiga jini, takan sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin dofamin mai kawo jin daɗi. Idan shan ya ɗore, ƙwaƙwalwa takan rage karɓar wannan sinadari, sai mashayi ya riƙa ƙara yawan abin da yake sha. A lokaci guda kuma sashen da ke bayan goshi, wanda ke auna sakamakon aiki kafin a aikata shi, yakan motse. Hotunan na'urar MRI sun nuna haka a kawunan waɗanda suka daɗe suna sha.

A 1994 Antoine Bechara da abokan aikinsa a Jami'ar Iowa ta Amurka sun ƙirƙiro gwaji da tulin kati huɗu: biyu na ba da riba mai tsoka nan take amma da asara mafi girma daga baya. Bincike ya nuna da yawa daga masu jarabar giya kan nace wa waɗannan biyun ko bayan sun ga asarar. Wato gaɓar da za ta ce "a daina" ita ce ta raunana.

Wannan ba ya ɗauke wa mutum alhakin kurɓar farko. Sai dai yana nuna cewa wanda ya riga ya kamu likita yake buƙata, musamman da yake dainawa kwatsam na iya jawo jijjiga mai kisa. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato don irin wannan aka kafa su. Kuma idan aka daina, wani ɓangare na ƙwaƙwalwar kan farfaɗo cikin watanni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Sashen bayan goshi kuwa ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, wato ɗaliban sakandare na cikin mafi haɗari. Ya kamata malaman kimiyya su koyar da wannan a aji, tun icce yana ɗanye.