Faɗuwar gaba ba ta zuwa ita kaɗai

In ana zancen tsaro a Diffa, Tillaberi ko kudancin Maradi, lissafin mamata da na 'yan gudun hijira muke ji. Waɗanda suka tsira da rai amma gabansu bai daina faɗuwa ba, su ba mai ƙirga su.

Wata 'yar uwata ta baro ƙauyensu na bakin iyaka bayan 'yan bindiga sun afka musu da dare. Tana zaune lafiya lau, sai zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto mata, ta ce a kira mata yaranta, mutuwa ce ta zo. Cikin kamar minti 10 abin ya kai maƙura, sannan ya lafa. An auna zuciya, an auna jini, ba a ga komai ba. Aka ce iska ce, aka yi ruƙiya.

Likitoci na kiran wannan ciwon firgita. Amma ni abin da ya biyo baya ya fi damuna. Don tsoron kada ya kama ta a bainar jama'a, ta daina zuwa kasuwa, ta daina biki da suna. Barci ya ƙaurace, abinci sai an matsa mata. Ciwon damuwa ke nan ya shigo, ba wanda ya lura, tunda shi ba ya ihu. In biyun suka haɗu, warkewa ta fi wuya, haɗarin mutum ya yi tunanin kashe kansa kuma ya ƙaru.

Mu kuwa me muke yi? Mu sayo diazepam wajen masu tallar magani. Yana kwantar da firgitar na ɗan lokaci, jiki ya saba da shi, damuwar tana nan daram. Magungunan da ke taɓa duka biyun, irin su fluoxetine, sai an yi makonni kafin a ga aikinsu, kuma suna son likita mai bibiya da zaman tattaunawa.

Ƙwararrun ƙalilan ne, galibinsu a Yamai. Mutumin Gidan Rumji ba zai je Pavillon E ba sai abu ya ɓaci, balle ga gorin "hauka". Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gano irin wannan. A ganina, kuɗin agajin 'yan hijira ya kamata ya biya ta nan, ma'aikacin CSI ya san cewa bayan ya auna jini akwai sauran tambaya: kina barci? Me ya rage da ke faranta miki rai?

'Yar uwata sai da ta shekara kafin wani ya yi mata ita.